Zuciyar Yaya da Talotalon Maƙwabci

Yayana ba mutumin da za ka tambaya ƙarfe nawa ka samu amsa nan take ba ne. Tun muna yara, in Inna ta ce masa, "Ka ƙoshi?" sai ya dubi kwano, ya dubi sama, ya ce, "Ya danganta." Ya danganta da me? Da ko akwai ƙari, da ko za a aike shi bayan ya gama, da abin da ake nufi da ƙoshi ɗin kansa. Kafin ya gama jero sharuɗɗa mun cinye ragowar. Haka sunan ya bi shi. A gida Ya Danganta, a makaranta Ya Danganta, yau ga shi da furfura a gemu, ɗalibansa na jami'a in ya ba da baya haka suke kiran sa. Ni ce autar gidanmu, kuma ni kaɗai ce nake faɗa masa a gaban idonsa in kwana lafiya.

Abin da na fara sanin sa da shi famfo ne. Akwai wani famfo a tsakar gidanmu da yake ɗiga, Baba kullum yana cewa gobe za a kira mai gyara. Yaya zai jawo 'yar kujera ya zauna a gabansa kamar mai jinya. Ya lura in ya murɗa shi kaɗan, ɗigon yana sauka daidai wa daida, ɗas, ɗas, ɗas. In ya ƙara murɗawa ƙiris, sai ya koma biyu-biyu. In ya sake taɓawa, sai ya rikice gaba ɗaya, ba mai iya cewa ga lokacin da na gaba zai faɗo. Ya kira ni in zo in ga abin mamaki. Na zo na duba, ruwa ne. Ranar da mai gyara ya zo ya ɗaure famfon, Yaya bai ci abincin rana ba.

Lissafi ya karanta, ya kuma karantawa, har aka ce ya zama Dokta. Nan Inna ta ga ta samu. Duk dangin da ya zo da ciwon gwiwa ko kumburin ciki sai ta tura shi gidan Yaya. Ya yi mata bayani har ya gaji cewa shi ba irin wannan doktan ba ne.

"To wane iri ne kai?"

"Inna, ni lissafin abubuwan da suke canzawa nake yi. Yadda abu yake yanzu, da saurin da yake sauyawa, in an haɗa su a ikweshan, sai a hango inda zai dosa. Amma nawa irin waɗanda ba sa tafiya a miƙe ne."

"Karkatattu ke nan."

"Kamar akuya, Inna. In kika ja ta da igiya a hankali, za ta biyo ki. In kika ninka ƙarfi, ba ninka sauri za ta yi ba, turjewa za ta yi. Yawancin abubuwan duniya haka suke, har jikin mutum."

Inna ta ce duk shekarun nan da ya yi a makaranta ashe akuya ake koya masa, da ya tambaye ta tun farko. Ba ta daina turo marasa lafiya ba. Shi kuma ya saba, yana ba su shayi, ya saurare su da kyau, ya ce su je asibiti. Da yawansu sun ce sun ji sauƙi, sunan Yaya ya ƙara fita a dangi.

Matarsa, wadda nake kira Anti, tela ce, tana da kekunan ɗinki biyu a ɗakin baya. Ta ba ni labari cewa lokacin da yake neman ta ta taɓa tambayar sa ko yana son ta. Ya buɗe baki, ta ɗaga masa yatsa ta ce in ya sake ya furta kalmar nan, ga hanya nan. Ya haɗiye ta da ƙyar ya ce, "E." Ta ce ita ce amsa mafi gajarta da ta taɓa samu daga gare shi, shi ya sa take riƙe da ita har yau.

Ofishinsa a sashen lissafi yake, ƙarshen baranda, kusa da bayan gida. Allo ya cinye bango guda, fanka tana juyawa tana kuka kamar an tilasta mata, kujerar baƙi kuma ƙafarta ɗaya ta karye, an tallafe ta da kundayen ɗaliban da suka gama. A nan ya yi shekaru yana rubuta takardun da, a faɗarsa, mutanen da suka karanta su a duniya za su iya shiga motarsa su zauna ba matsi. Bai taɓa kuka da haka ba. Alli yake ci a hannun riga, ya dawo gida fari fat kamar wanda ya yi dambe da buhun fulawa.

Abin ya canza ne da zuwan Likita. Likitar zuciya ce a asibitin koyarwa, doguwar mace mai tabarau, ba ta dariya sai da dalili, ɗalibanta in sun ji ƙarar takalminta sai su gyara tsayuwa. Ta zauna a kujerar nan mai kundaye, ta ɗan karkata, ta zube masa tarin takardu masu zane kamar haƙoran zarto.

Ta ce, "Malam, zuciyar mai lafiya ba ta bugawa daidai kamar agogo. Tazarar tana ɗan ƙaruwa tana ɗan raguwa, domin jiki yana da totur yana da birki, kullum suna jayayya. In mutum ya razana, totur ya yi rinjaye, daga baya birki ya dawo da shi. Ni yadda take dawowa ɗin nake so in gane. Wasu majinyatana tasu ba ta dawowa da kyau. An ce kai ne mai lissafin abubuwan da ba sa jin magana. Za ka iya?"

Kun san abin da ya ce. Amma ya faɗe shi yana murmushi, kuma kafin ta fita ya share rabin allon da ya yi wata guda yana hana mai shara taɓawa.

Sun yi kusan shekara suna aikin. Irin wannan lissafin ba a warware shi da biro, sai dai a ba kwamfuta ta bi shi taku-taku ta zana abin da ya fito. Kwamfutar Yaya tsohuwa ce, in ta kama aiki sai ta yi zafi har Anti ta ce a kawo mata ta goge kaya da ita. A ƙarshe dai ya samu ikweshan da yake zana zuciya ta yi tsalle, ta ɗan yi lilo, ta koma ta kwanta. A kan allo abin gwanin kyau. Saura a gwada da zuciyar mutum ta gaske, mai lafiya, wadda aka razana ba shiri.

Nan gizo ke saƙar. Jami'a tana da kwamitin da yake duba duk binciken da za a yi a kan mutane. Yaya ya rubuta musu cewa yana so a fasa balan-balan a bayan masu sa kai. Suka ce a'a. Ya ce to a saki faranti a ƙasa. Suka ce a'a. Ya ce to a gaya wa ɗalibi an matso da jarrabawa gobe. Shugaban kwamitin ya kira shi gefe ya tambaye shi ko lafiya yake a gida.

Abin da aka yarda da shi kawai shi ne a ɗaura wa masu sa kai ɗan akwatin nan mai naɗar bugun zuciya, su je su yi harkarsu ta yau da kullum. Akwatin bai fi sabulun wanka ba, da wayoyi da ake mannawa a ƙirji da filasta, kuma ba a wanka da shi. Mutane suka sa, suka dawo da shi, ba abin da ya same su. Wani ma barci ya yi ta yi. Likita ta ce tunda ana neman masu lafiya, shi ma Malam ya sa mana. Yaya ya ce ba laifi, sai dai ɓata batir za a yi, domin shi mutum ne mai sanyin rai, ba abin da ke ɗaga masa hankali. A gabana ya faɗi haka, ranar da aka aske masa gashin ƙirji yana cije leɓe.

Yanzu sai in kawo muku maƙwabcinsa. A gidajen ma'aikata, jikin gidan Yaya, akwai mai kula da laburare, dattijo mai magana ƙasa-ƙasa ko a kasuwa. Ba ya kiwon komai sai talotalo guda ɗaya, namiji, ƙato, mai jan wuya yana reto. In ya buɗe wutsiya ya kumbura, yana jan fukafukai a ƙasa yana taku ɗai-ɗai, sai ka rantse takardar albashinka ce a hannunsa. Yaran layin suna kiran sa Farfesa. Yana wuce kowa bai kula ba, har yara suna ja masa wutsiya. Yaya kaɗai ya sa wa ido.

Mu duk ba mu sani ba. Abin da muka sani shi ne Yaya ya daɗe da daina fita ta ƙofar gaba. Ta ƙofar kicin yake bi, ya zagaya ta bayan tankin ruwa, ya ratsa ciyawa, ya ɓullo wajen mota ta ɗaya gefen. Ya ce motsa jiki ne, kuma Likita ta yaba masa.

Ranar da yake ɗauke da akwatin, Anti ta sa kafinta ya cire ƙofar kicin zai gyara, ya tokare wurin da katakai. Yaya ya tsaya a falo da jakarsa baƙa, wadda yake gogewa da man takalmi duk safiya har tana ɗaukar ido. Ya leƙa taga. Ya zauna. Ya tashi. Anti ta ce, "Malam, ba ka da aji ne yau?" Ya ce yana da. Ya buɗe ƙofar gaba ya fita kamar mai satar hanya.

Sauran labarin daga bakin Anti na ji, domin tana bakin taga da almakashi a hannu. Ta ce ya kai rabin hanya sai Farfesa ya ɓullo daga bayan fulawoyi, ya yi wannan kukan nasu mai kama da ana zuba ruwa daga tulu, ya nufo shi. Yaya ya ce, "Kai, tafi," da muryar da ko kaza ba za ta ji ba. Sannan ya zuba a guje. Mutumin da tunda ta aure shi ba ta taɓa ganin ya yi sauri ba, ko ranar da labule ya kama wuta, sai ga shi yana zagaya mota, talotalo na bin sa, wayoyi na leƙowa ta ƙasan riga. Makulli ya faɗi. Takalmi ɗaya ya fita. Da ya ga zagayen ba zai ƙare ba sai ya haye kan bonet, daga nan ya wuce rufin motar ya zauna ya tanƙwashe ƙafa, ya rungume jaka. Mai laburare ya fito da jarida a hannu ya ce a hankali, "Malam, an tashi lafiya? Ana duba rufin ne?" Yaya ya ce e, rufin yana ɗan yoyo. Anti ta ce dariya ta sa ta yanke hannun rigar wata mata, sai da ta mayar da ita mai gajeren hannu.

Washegari ya mayar da akwatin.

Bayan kwana biyu Likita ta zo gidan da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba. Na taso daga makarantar da nake koyarwa na biya, na same su a falo, ta buɗe kwamfutarta a kan tebur.

"Malam, dubi nan. Lafiya lau, lafiya lau, sai ga wannan." Ta nuna wani tsauni a zanen. "Na fara tsorata, na ce ko in kwantar da kai. Sai na ɗora lissafinka a kai. Dubi yadda ta sauko, dubi lilon. Kamar da shi aka auna ta. Wannan shi ne abin da muke nema tun bara. Me ya same ka da safiyar nan?"

Yaya ya gyara tabarau. "Ya danganta da abin da ake nufi da samu."

"Hatsari ka yi?"

"Ba a kai ga haka ba."

"Mummunan labari?"

"Wani abokin aiki ne muka ɗan samu saɓani."

"Wane ne?"

"Farfesa," in ji Anti daga bakin ƙofa, tana riƙe da farantin shayi. Likita ta tambaya wane farfesa, na wane sashe. Anti ta ajiye farantin, ta kama hannunta ta kai ta taga. Talotalon yana nan tsaye a kan ciyawa, ya kumbura, yana kallon gidan.

Likita ta daɗe tana kallon sa. Ta cire tabarau ta goge. Kafaɗunta suka fara rawa. Wannan ne karo na farko da na ga haƙoranta.

Suka rubuta takarda suka aika wa wata mujallar bincike. A irin wannan harka, mujalla tana ba wasu masana biyu ko uku su duba aikin ba tare da an san su ba. Na farko ya ce aiki ya yi kyau. Na biyu kuwa, wanda Yaya yake cewa tabbas ba ya karyawa kafin ya fara karatu, ya rubuto cewa mutum ɗaya da tsuntsu ɗaya da safiya ɗaya ba su isa hujja ba. A maimaita. Ya kuma nemi a faɗi nauyin tsuntsun.

Yaya ya zauna da wannan amsa a hannu kamar an aiko masa da sammaci. Anti ta ce ya haƙura mana, ya koma lissafinsa na da wanda ba ya cizo. Ya girgiza kai. Ya ce mutumin ba shi da kirki amma yana da gaskiya, abin da ya faru sau ɗaya labari ne, ba ilimi ba. Ya ce akwai masu ciwon da Likita take gani kullum, in har abin nan zai taimaka a gane nasu da wuri, to shi wane ne da zai ƙi gudu. Ban taɓa jin tausayinsa da girmansa lokaci guda kamar ranar ba.

Sai da aka koma gaban kwamiti. Suka yi zama guda cur suna gardama a kan matsayin talotalon: mai sa kai ne, ko kayan aiki, ko ɗan tawagar bincike? Wani ya ce in mai sa kai ne sai an nemi yardarsa. Wani ya ce a tura wa kwamitin dabbobi. Kwamitin dabbobi ya duba ya ce a iya fahimtarsa ba dabbar ce ke cikin haɗari ba. Daga ƙarshe aka amince, bisa sharaɗin mai binciken ne kaɗai za a kora, kuma likita tana wurin.

Mai laburare ya yarda da sharaɗi ɗaya, kada a yi hayaniya. Auna nauyin kuwa sai da aka sa shi ya hau sikeli rungume da tsuntsun, sannan ya hau shi kaɗai, aka debe. Ya roƙi kada a rubuta nasa nauyin a mujalla.

Aka sa ranar Asabar da hantsi. Ban san wanda ya baza labari ba, ko da yake Anti ta yi ta kallon ƙasa. Maƙwabta suka fito da kujeru. Inna ta sa aka kawo ta, ta ce tana so ta ga aikin da ɗanta yake yi da idonta ko sau ɗaya. Yaya ya fito da akwati a ƙirji da takalmin gudu sabo fil, ya miƙa wa Likita jakarsa ta riƙe masa don kada ta yi masa nauyi. Ya taka zuwa tsakiyar fili ya tsaya, ya rufe ido.

Farfesa ya dube shi, ya ci gaba da tsince-tsincensa.

Yaya ya buɗe ido ɗaya. Ya matsa kusa. Ya yi tari. Ya ce, "Kai." Talotalo ya juya masa baya. Inna ta ce da ƙarfi, "Wannan shi ne aikin?" Mutane suka fara gyara zama, wani ya ce a mayar masa da lokacinsa.

Likita ta gaji da jira, ta tako cikin filin don ta duba ko wayoyin suna nan daidai, jakar na reto a hannunta, rana na dukan ta. Farfesa ya ɗaga kai. Ya ga wani talotalo a jikin jakar, ƙato, mai jan wuya, yana harararsa. Ya kumbura. Shi ma na cikin jakar ya kumbura.

Ban san mace mai dogon takalmi tana iya irin wannan gudun ba. Ta zagaya mota, ta tsallake fulawoyi, ta bi ta tsakanin kujerun 'yan kallo suka watse, kuma duk wannan ba ta saki jakar ba, domin amana ce. Muna ta cewa ta yar, ba ta ji. Sai da ta faɗa falon Anti ta turo ƙofa. Da muka shiga muka same ta a tsaye a kan kujera, tabarau a karkace. Yaya ya shigo yana haki, ya dube ta da fuskar tausayi ya ce, "Likita, ina ma ke ce da akwatin. An yi asarar bayanai masu kyau." Sati guda ba ta ɗauki wayarsa ba.

Ashe duk tsawon lokacin nan ba Yaya tsuntsun yake ƙi ba, hoton kansa yake gani a jikin jakar mai sheƙi. Yaya ya ɗan ji haushi ma da ya gane haka. Ya ce ya ɗauka gaba ce ta mutum da mutum.

Daga nan aiki ya kankama. Duk Asabar sai a ɗaura akwati, Yaya ya goge jaka, ya fita a kore shi. Likita tana kallo daga cikin motarta, gilashi a rufe. Amma sai wata matsala ta ɓullo. A karo na biyu tsaunin bai kai na farko ba. A na gaba ya ƙara raguwa. Yaya yana gudu, amma zuciyarsa ta fara gane wasa ne. Wata Asabar ma na gan shi yana gudu yana gaida maƙwabta. Lissafin kuwa yana nan yana cewa tsalle ɗaya za a yi ta yi kullum. Zanen kwamfuta da zanen zuciya suka raba hanya.

Ya shiga damuwa sosai. Ya daina goge jaka. Ya zauna a ofis yana kallon allo, alli a hannu, ba ya rubutu. Na je duba shi na ce, "Yaya, to ba ka saba ba ne kawai? Kowa ai yana sabawa." Ya ce ya sani, shi ne abin da ke damun sa, ikweshan ɗinsa ba ya sabawa, kullum da safe sabon jariri ne, bai san an taɓa korar sa jiya ba. Ya maimaita maganar a hankali, shi kaɗai. Sannan ya tashi ya fara rubutu, ya manta ina wurin, har na ci biskit ɗinsa na tafi.

Abin da ya ƙara shi ne wani ɓangare da yake riƙe abin da ya wuce, yadda razanar jiya za ta rage ta yau. Ya ce ba shi ya fara sa wa lissafi tunawa ba, masana da yawa suna aiki a kan irin wannan yanzu, amma haɗa shi da wannan matsala ya ci masa watanni, kuma ya ci tsohuwar kwamfutar gaba ɗaya. Da sabon zanen ya fito, ya bi tsaunukan nan tun daga babba har ƙaramin. Likita ta ce wannan ya fi na farko amfani nesa ba kusa ba, domin akwai majinyatan da take zargin nasu jikin ba ya sabawa, kullum a razane yake. Yanzu tana da abin da za ta gwada a kansu. Ta ce hanya tana da nisa kafin a ce ya warkar da wani, kuma kada in je ina gaya wa dangi an gano magani.

Mai dubawa na biyu ya karɓa, da ƙorafin cewa an yi waƙafi da yawa. A cikin takardar ba a ce talotalo ya kori malamin jami'a ba. An rubuta cewa an yi amfani da abin razanarwa mai rai, a muhallin da mai sa kai ya saba. A wajen godiya an gode wa mai laburare da abokin zamansa.

Bara mai laburare ya yi ritaya, zai koma gidan ɗansa a bene, inda ba a kiwo. Ya zo da yamma, tsuntsun na biye da shi, ya ce ƙasa-ƙasa bai san wanda ya san halinsa kamar Malam ba, shi zai bar wa. Anti ta ce ba a gidanta ba. Yaya ya ce ai ba a cikin gida zai zauna ba, a baranda ne, kuma baranda rabinta waje ne. Suka yi ta yi har ta gaji. Yanzu da la'asar za ka same su su biyu, Yaya a kujera yana duba takardun ɗalibai da jan biro, yana karanta wa Farfesa amsoshin da suka fi ba shi haushi, shi kuma yana amsawa da wannan kukan nasa. Jakar yadi yake riƙewa yanzu, Anti ce ta ɗinka masa da ragowar labule.

Sun fara sabon aiki da Likita, a kan numfashin jariran da aka haifa kafin lokaci, kuma ya ce wannan ya fi na zuciya taurin kai. Takan biyo ta ɗauke shi zuwa asibiti in za su duba bayanai. Ba ta shigowa. Daga bakin titi take tsayawa ta danna hon. Ran nan Anti ta leƙa ta ce mata ta shigo ta sha shayi mana, ai Farfesa ya tsufa, ba ya kora. Likita ta sauke gilashi kaɗan, daidai faɗin bakinta, ta ce ta gode, ta sha a gida.